Tsakin Shafin Ƙarshe: Abin da Ke Sa Littafin Soyayya Daɗi da Abin da Ke Ɓata Shi

Akwai wani irin tsaki da mai karatu kan ja idan ya kai shafin ƙarshe na littafin soyayya ya tarar an cuce shi. Da wuya a sami uwa mai 'yan mata a Luggere ko Demsawo ko Jambutu wadda ba ta taɓa jin wannan tsaki ta bayan labule ba. Yarinya ta yi kwana biyu hankalinta ba ya gida, an aike ta kasuwa ta manto gishiri, tuwo ya kusa kamawa a tukunya, duk saboda wasu masoya biyu da ke cikin takarda, ko kuwa cikin wayar hannu kamar yadda aka fi yi yanzu. Sai ga shi ta kai ƙarshe, ta wurgar da littafin a kan gado, ta ce, "Wannan ai ƙarya ce!" Abin mamakin shi ne tun daga shafin farko ta san labarin ƙagagge ne. Ba ta taɓa zaton za ta gamu da waɗannan masoya a kasuwar Jimeta ba. To, wace ƙarya ce kuma ta gano a ƙarshe, wadda ba ta dame ta ba da farko?

Tambayar ta cancanci iyaye su zauna a kanta. Yarinyar da ta karanta littafin soyayya 50 kafin ta kai shekara 20 ta riga ta halarci zawarci 50 da aure 50 a cikin zuciyarta, tun kafin fasto ko dattijan ikkilisiya su zaunar da ita su yi mata gargaɗin aure ko sau ɗaya. Abin da ta koya ta kira daɗi a can, shi za ta nema a gidan mijinta.

Waɗannan littattafai ba baƙi ba ne a Adamawa. Waɗanda suka yi makarantar kwana a shekarun 1970 da 1980 sun san littattafan Mills & Boon, kamfanin da aka kafa a Landan a 1908, da yadda littafi guda kan zaga ɗakin kwana har bangonsa ya fita. Sun san kuma jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya soma a 1977 ya kawo masoya masu sunaye irin na Afirka. A Hausa, kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, labarin Boɗaɗo, Bafulatanar da ta ƙallafa rai a kan saurayin da ba Bafulatani ba, danginta kuwa suka ƙi. Mutanen Yola ba sa bukatar a fassara musu nauyin irin wannan ƙiyawa. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai ambaliyar ta taso daga Kano: ƙananan littattafai masu arha, marubutan ne da kansu ke biyan kuɗin bugawa, 'yan kasuwa su ɗora a mota su rarraba a garuruwan Arewa. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, da nufin suka, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya ya kare su, aka daɗe ana fafatawa a jaridu. Da yake Hausa ce ke haɗa Bachama da Kilba da Margi da Chamba da Lunguda da Fulani a Jimeta, 'yan matan gidajen Kirista ma sun karanta su, ko da yake gidajen da ke cikin labaran na Musulmin Kano ne. Kishiya ba ta cikin tsarin aurensu, amma kishi da talauci da uwar miji ba su da addini.

Wani zai ce daɗin irin wannan littafi yana cikin ƙarshensa, wato masoya su yi aure. Wannan bai isa amsa ba, domin mai karatu ya san za su yi auren tun kafin ya biya kuɗin littafin. Alkawari ne tsakaninsa da marubuci, kuma babu laifi a cikinsa. Matar da ta yini a tsaye tana sayar da kifin Binuwai, ko ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aikin dare, tana da ikon neman labarin da zai ƙare da guɗa. Wanda ya rena ta saboda haka bai san gajiya ba. Abin da ke riƙe mai karatu har tsakar dare shi ne son ganin abin da auren zai ci wa waɗannan mutum biyu, da ko za su yarda su biya. An aza dutse a kan hanyarsu: iyaye sun ƙi, ko saurayin ba shi da ko sisi, ko kabila ta raba, ko kuwa, wanda ya fi duka wuya, halin ɗayansu ne dutsen. Mai karatu ya ba da lokacinsa da tausayinsa bisa sharaɗin cewa dutsen na gaske ne, kuma masoyan da kansu za su ɗaga shi.

A nan ne marubuta da yawa ke cin amana. Sun gina matsala ta gaskiya a shafi 200, da suka ga ba su san mafita ba sai su sa hannu cikin aljihunsu su biya wa masoyan bashin. Talakan saurayi sai a gano ashe ɗan wani attajiri ne da ya ɓace tun yana jariri. Mugun mijin da aka tilasta wa yarinya sai mota ta kife da shi a daidai lokacin da ake bukatar gadonsa. Uban da ya yi rantsuwa sai ya yi mafarki guda ya farka ya sauko. Babu wanda ya tuba ko ya sadaukar da wani abu, kuma babu wanda ya fito da hali dabam da wanda ya shiga da shi. Ƙaryar da yarinyar nan ta gano ke nan. An ce mata ƙauna ce za ta ci nasara, sai ta ga sa'a ce ta ci, ƙauna kuwa tana gefe tana kallo. Akwai ma wata ƙarya a ƙarƙashin wannan. Littafin da ya yi shafi 200 yana wa'azi cewa kuɗi ba kome ba ne, sa'an nan ya kasa ɗaura auren sai da ya mai da saurayin attajiri, ya tona abin da marubucinsa ya gaskata da gaske.

Arzikin ango a kan kansa ba shi ne aibin ba. A cikin Pride and Prejudice, wanda Jane Austen ta fitar a Ingila a 1813, Darcy mai dukiya ne tun daga farko, amma da ya nemi Elizabeth da girman kai ta ƙi shi, dukiyar ba ta yi masa rana ba. Sai da ya ga munin halinsa ya gyara, har ya rufa wa gidansu asiri a ɓoye ba tare da ya nemi godiya ba. Ita ma sai da ta yarda cewa ta yi saurin yanke hukunci, ta gaskata maƙaryaci don kawai yana da daɗin baki. Kowannensu ya biya da abin da ya fi masa tsada, wato ganin kansa da yake yi. Shi ya sa bayan fiye da shekara 200 ana karanta littafin ba a jan tsaki.

Akwai wani takaicin da kasuwa ke haifarwa, ba ya bukatar dogon bayani. Littattafan Kano a kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, cinikin na farko ne ke buga na biyu. Yanzu da karatu ya koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, ana ba da shafukan farko kyauta, sauran sai an biya. Wanda abincinsa ke cikin tsawon labari zai ja shi kamar danƙo. Daga nan ne ake samun rashin fahimtar da kalma guda za ta warware, amma masoya su yi shafi 100 suna gaba saboda babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa, "Wace ce na gan ka da ita jiya?" Mai karatu yakan yafe wa masoyi kuskure, amma da wuya ya yafe wa marubucin da ya mai da masoya wawaye don ya sayar da kashi na huɗu.

Duk waɗannan da sauƙi, domin mai karatu yana ganin su. Abin tsoro shi ne littafin da ya kamata a ja masa tsaki amma ba a ja ba. An san irin jarumin: kyakkyawa, mai kuɗi, miskili, ba ya dariya. Yana daka wa yarinya tsawa, ya ƙwace wayarta, ya hana ta zuwa gidansu, wani lokaci har ya mare ta ko ya yi mata fin ƙarfi, marubuciya kuwa tana raɗa wa mai karatu cewa duk tsananin so ne da kishi. A shafi na ƙarshe sai ya durƙusa ya zubar da hawaye, shi ke nan an wanke shi. Irin wannan labari yana da zaƙi, musun haka ba ya da amfani. Zaƙinsa yana cikin begen cewa mace ita kaɗai, da haƙurinta, za ta horar da zaki. Amma matan zumunta da ke zuwa sasanta ma'aurata sun san yadda wannan labari ke ƙarewa a waje da takarda, sun ga fuskokin da suka kumbura. Littafi Mai Tsarki bai yi wa irin wannan so kwalliya ba. A Sama'ila ta Biyu, sura 13, Amnon ya yi ciwo saboda son Tamar, ya yi mata dabara, ya ci mutuncinta, nan take kuma son ya juye ƙiyayyar da ta fi shi ƙarfi, ya sa bawansa ya fitar da ita ya kulle ƙofa. Marubucin bai juya shafi ya ɗaura musu aure ba. Ya bi Tamar da ido har gidan wanta Absalom, inda ta zauna a kaɗaice. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Aikin marubuci shi ne ya ga laifin da masoyiyar ta kasa gani.

Wannan ya kawo magana ga wani ma'auni da ba a cika lura da shi ba: yadda littafi ke bi da wadda ba a zaɓa ba. A kowane labarin soyayya akwai mutum na uku, budurwar da aka bari, saurayin da aka ƙi, uwargidan da aka yi wa amarya. Raggon marubuci yakan mai da ita mayya tun daga farko: mummuna, mai bin bokaye, mai zuba magani a abinci, domin kada kowa ya ji tausayinta sa'ad da aka jefar da ita. Ta haka farin cikin masoya ba ya cin kowa kome. Mai karatu yana jin daɗin faɗuwarta na ɗan lokaci, amma daɗin ba ya kwana, domin a zuciyarsa ya san cewa yawancin waɗanda aka bari a duniya ba mayu ba ne. Watakila ma shi kansa an taɓa barinsa.

A dubi yadda Littafin Farawa ya ba da labarin Yakubu da Rahila. Duk kayan littafin soyayya suna ciki: haɗuwa a bakin rijiya, saurayi baƙo wanda ba shi da abin biya sai ƙarfinsa, suruki mai wayo, bautar shekara 7 da ta wuce masa kamar 'yan kwanaki, da yaudarar daren biki inda aka kai masa Lai'atu a maimakon ƙanwarta, har ya sake yin wata shekara 7. Da marubucin kasuwa ne, da Lai'atu ta zama muguwar labarin. Amma labarin ya tsaya a kanta ya daɗe. Ya sa mai karatu ya saurari sunayen da take raɗa wa 'ya'yanta, Ra'ubainu, Saminu, Lawi, kowane suna ɗauke da begen cewa watakila yanzu mijinta zai juyo gare ta, har zuwa kan Yahuza inda ta bar maganar miji ta koma yabon Ubangiji. Rahila ma ba a mai da ita tsarkakakkiya ba: ta yi kishi, ta saci gumakan ubanta, ta mutu wajen haihuwar Biliyaminu a hanyar Efrata, aka binne ta a can. Lai'atu ce aka binne a kogon Makfela, inda daga baya aka kai gawar Yakubu. Ba wanda ya gama wannan labari ya ce ƙarya ne, ko da bai fito yana murmushi ba.

Ashe ke nan ɓacin rai iri biyu ne, kuma ya kamata a raba su. Akwai na wanda aka yaudara, akwai na wanda aka gaya wa gaskiyar da ba ya so. Misali mai kyau shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012. Rabi tana da 'ya'ya 9. Mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da yaranta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe gida da guminta, ta aurar da 'yarta Saudatu aure mai kyau. Sa'an nan gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, aka taru aka matsa wa Rabi ta koma masa. Masu karatu da yawa sun ji zafin wannan komawa, kuma da gaskiyarsu. Gobarar kam za a iya cewa hannun marubuciya ne. Amma zafin komawar ba na yaudara ba ne. Balaraba, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tun tana ƙarama, ta san yadda dangi ke taruwa a kan mace idan namiji ya faɗi, ta kuma ƙi ɓoye shi. Littafin da ake ta gardama a kan ƙarshensa bayan shekara 30 ya yi aikinsa. Haka kuma Li, a cikin The Stillborn na Zaynab Alkali, 1984, ta yi shekaru tana jiran Habu, ta gaji ta nemi ilimi ta tsaya da ƙafafunta, sa'an nan da kanta ta zaɓi komawa gare shi bayan haɗari ya nakasa shi. Ana iya yarda da zaɓinta ko a ƙi, amma nata ne, ta kuma san farashinsa.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa labaran da ake rubutawa don matasan ikkilisiya, da wasannin kwaikwayon da ake yi a taron matasa, su ma suna da tasu yaudarar. 'Yar'uwa mai tsoron Allah ba ta taɓa jin jaraba ba ko sau ɗaya, saboda haka tsayawarta ba ta ci mata kome ba. Ɗan'uwa mashayi kuwa, ana saura minti 5 a tashi, sai ya ji waƙa guda ya tuba, a ɗaura aure. Tuban da aka jefo don a rufe labari bai bambanta da gādon attajirin da aka jefo don a rufe labari ba, sai dai ma ya fi haɗari, domin yana koya wa yarinya ta auri mutum saboda abin da take fata zai zama. Matasa suna ganewa, ladabi ne kawai ke hana su jan tsaki a cikin majami'a. Francine Rivers ta Amurka, a cikin Redeeming Love na 1991, wanda ta gina a kan labarin annabi Yusha'u da matarsa Gomer, ta fi kusa da gaskiya, domin matar labarin ta gudu ba sau ɗaya ba, kuma warkewarta ta ɗauki shekaru.

To, me iyaye za su yi? An gwada wuta. A 2007, a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona tarin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano. Tun kafin haka an zargi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, 1991, da koya wa 'yan mata bijire wa iyaye, saboda Sumayya ta faɗa rijiya don kada a aurar da ita ga wanda ba ta so. Damuwar masu ƙonawa ba ta banza ba ce, akwai littattafan da bai kamata ƙaramar yarinya ta riƙe ba, uwa kuwa tana da ikon cewa a'a. Amma labaran ba su mutu ba, sun koma cikin waya, inda babu bango da uba zai gani, babu kuma hukumar da ke tacewa. Abin da wuta ba ta iya ba, tambaya tana iyawa. Uwar da ta ji tsakin nan ta ɗaga labule ta ce, "Ke kuwa 'yata, me suka yi miki?" ta buɗe ƙofar hirar da wa'azi 10 ba zai buɗe ba. Yarinyar za ta yi bayani da zafi, domin an taɓa mata abin da ta damu da shi, a cikin bayanin kuwa za ta faɗi abin da take tsammani daga namiji, da abin da take ganin ya cancanci a yafe. Ranar da ta gama littafin jarumi mai mari tana lumshe ido, ranar ce ta fi bukatar a tambaye ta. Samari ma suna karantawa, ko da sun ɓoye, kuma su ne ke koyon zama miskilin.

Abu guda ya rage. Littattafan soyayya na Hausa da ke ba da labarin gidajen Kirista na wannan yanki ba su da yawa, alhali duwatsun da ke kan hanyar masoya a nan ba sa bukatar ƙage. Ga saurayi Bachama daga Numan da budurwa Kilba daga Hong, kakanni na kowane gefe suna tambayar da wane harshe jikoki za su gaishe su. Ga jerin kayan aure da ya fi albashin malamin firamare na shekara guda. Ga ɗalibai biyu a Jami'ar Modibbo Adama, ɗaya Kirista ɗaya Musulma, kowannensu yana ƙaunar iyayensa da bangaskiyarsa da gaske, babu mugu a cikin labarin da za a kashe a huta. A ƙarshen Oktoba 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, dubban mutane suka kwararo Yola, wasu a ƙafa ta cikin daji, wasu ta Kamaru. Majami'ar St. Theresa a Jimeta ta cika da su, haka sansanin Malkohi da gidajen dangi. A cikinsu akwai waɗanda aka riga aka sa musu ranar aure a watan Disamba, an tara kwanuka da zannuwa an bar su a ɗaki a buɗe, kowa ya gudu ta hanyarsa, wani bai san ko ɗayan yana da rai ba sai bayan makonni.